Digiri a Kudu, 'Yata a Bayan Katanga

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya raya mu har muka ga wannan safiya. Waɗanda suka san ni sun san ba na iya gajerar magana, to ku yi haƙuri da ni yau. Sunana Sista Rahila. Ciwon da Ubangiji ya warkar mini ba irin wanda ake kwantar da mutum a asibiti ba ne, amma ya kusa gamawa da ni.

Lokacin mulkin soja ne, sa'ad da arzikin mai ya shigo. Sakkwato ko'ina gini, ko'ina sabon babur, kowa yana maganar ci gaba. Ina aikin nas a ɗakin haihuwa, maigidana Malam Bitrus yana aiki a Kalambaina wajen siminti, muna haya a Runjin Sambo. Sai gwamnati ta ɗauki nauyin wasu daga cikinmu mu tafi jami'a a kudu mu yi digiri na aikin jinya. Sunana ya fito. Ni, 'yar manomi daga kudancin Zariya! Ranar na yi rawa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Abin da ya tsaya mini shi ne Rifkatu, 'yata ta fari, wadda ta isa yaye. Mahaifiyata ta rasu, surukata kuma ta tsufa, tana nesa. Mai gidan da muke haya babban malami ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Matarsa, Inna Hajo, tun Rifkatu tana rarrafe take ɗaukarta. Da ta ji labari, ta ce a al'adarsu wurin kaka ake kai yaro yaye, kuma ita ce kakar, in tafi karatuna hankali kwance. Mu Kirista, su Musulmi, amma ban taɓa ganin bambanci a hannun matar nan ba. Na miƙa mata yarinya na tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, na so karatun nan. Na so shi ƙwarai. Shekaru ina ba mutane magani bisa umarnin likita, sai a can na fara gane dalilin kowane abu. In na shiga laburare sai an kore ni. Malamarmu ta ce ina da kai, in na gama zan iya koyar da nas-nas. Duk da haka, in na ji kukan yaro a hanya sai Rifkatu ta faɗo mini a rai.

Da shekara ta zagayo muka samu dogon hutu. Na sayo wa Rifkatu takalma da 'yar tsana, na ajiye akwati ko ruwa ban sha ba, na shiga gidan Inna. Mata sun cika tsakar gida. Aka fito da yarinyar, ta yi ɓulɓul, kai an yi mata kitso, hannu da lalle. Inna ta ce mata ta gaida Adda, wato babbar yaya. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, kafin in miƙa hannu wata ta sure ta ta yi ɗaki da ita, matan suna dariya suna tsokanata wai kada su ba ni kunya. Na zauna da takalma a cinya ina murmushin dole. Daga baya ma na ga sun yi mata kaɗan.

Haka hutun ya kama tafiya. Duk sa'ad da na shiga, sai a janye ta daga gabana. Ina cikin ɗakina ina jin muryarta ta bayan katanga, tana waƙa, tana kiran Inna, tana kukan a ba ta fura. Na san tarinta, na san dariyarta, amma ban san nauyinta ba. Wayyo, 'yan'uwa, mai 'ya'ya kaɗai za ta gane abin da nake faɗa.

Ban iya buɗe baki ba. Matar da ta riƙe mini yarinya shekara guda, ta yi jinyarta lokacin ƙyanda, da wane ido zan dube ta in ce ta raba ni da 'yata? Sai na haɗiye. Abinci ya daina shiga, na rame, zanena ya fara zamewa. A zuciyata na gama yanke hukunci cewa sun ƙwace ta, ita ma ba ta so na.

Malam Bitrus kuwa, Allah ya jiƙansa, ba ya son jin komai sai digiri. Ya riga ya gaya wa duk Kalambaina matarsa tana jami'a. Kullum maganarsa ita ce saura shekara biyu, in daure, yarinya tana cikin ƙoshin lafiya, me kuma nake nema? Abokan aikina suka ce hauka ne mutum ya saki irin wannan dama. Ni ma da kaina, in na buɗe littafi sai in ji ina marmarin aji kamar ƙishirwa. In na rufe shi sai in ji muryar nan ta bayan katanga. Na san in na koma na ƙara shekara biyu, zan dawo da digiri in tarar ta zama 'yar Inna.

Wata Laraba bayan taron mata, kowa ya watse, na tsaya a majami'a wai zan yi shara. Na jingine tsintsiya na durƙusa. Abin da na yi ranar ya fi kama da faɗa. Na ce, "Ubangiji, kai ka ba ni kan karatu, kai ka ba ni 'ya. Me ya sa za ka sa su a wuri biyu? Ni mutum ɗaya ce. Gaya mini wanda zan bari, don na gaji." Na yi kuka har majina.

Ban ji wata murya daga sama ba, kada in yi muku ƙarya a gidan Allah. Amma ina tashi, wani abu ya faɗo mini a rai sarai: na nemi shawarar kowa a garin nan, ban da mace ɗaya da yarinyar take hannunta. Tsoron da ya ɗaure mini baki ya sake ni. Daga majami'a ban biya gida ba.

Na tarar da Inna ita kaɗai tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na zauna a ƙasa na ce, "Inna, ki gafarta mini. Marmarin 'yata zai kashe ni. Tun da na zo ban ɗauke ta ba."

Ta ajiye mazari ta dube ni. "Mi kic ce, Sista? Ke ɗin so kike ki ɗauke ta?"

A nan ne komai ya fito. Kun san a wurinsu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Na sha ganin haka a ɗakin haihuwa, amma ban taɓa zaton za a yi da ni ba, don mu a garinmu uwa tana rungumar ɗan farinta a tsakiyar kasuwa. Ashe Inna ta ɗauke ni 'yarta ta cikinta, sai ta yi mini abin da ake yi wa 'yar mutunci. Duk janye yarinyar da ake yi, girmama ni ake yi. Ni ina mutuwa a bayan katanga, su suna yabon kunyata.

Sai Inna ta ce, "Ni ɗan hwarina har ya yi gemu ban taɓa riƙa hannunai gaban mutane ba. Kina zaton ba ni so?" Ta share ido da bakin mayafi. Ba ta ce in koma makaranta ba, ba ta ce in zauna ba. Ta ce in na tafi za ta riƙe mini amana, in na zauna ƙofarta a buɗe take. Sai ta kira Rifkatu, ta kwance zanen goyo daga igiya, ta ɗora mini ita a baya da hannunta, ta ɗaure.

Yarinyar ta yi ta shure-shure tana kiran Inna. Ta yi nauyi, ta wuce goyo. Na yi ta zagaya tsakar gidan ina jijjiga ta har ta gaji, ta kwantar da kai tsakanin kafaɗuna, barci ya ɗauke ta. Da na ji numfashinta a wuyana na san ba zan koma ba. Halleluya!

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Maigidana ya daɗe yana fushi. Na koma ɗakin haihuwa, na yi aiki har na yi ritaya a ƙarƙashin 'yan ajinmu na jami'a, waɗanda a da nake koya wa karatu kafin jarrabawa. Har yau in na ga yarinya sanye da rigar kammala jami'a, ina taya ta murna, amma wani wuri a ƙirjina yana motsawa. Ba na ce wa kowace mace ta bar karatu ba. Wata Ubangiji zai ce mata tafi. Ni dai abin da ya nuna mini ke nan.

Ranar komawa makaranta na raka wata ƙawata da muke karatu tare zuwa tasha, na ba ta littattafaina duka. Rifkatu tana riƙe da bakin zanena, a lokacin ta fara yarda ta bi ni, ko da yake ba ta cika yi mini magana ba. Mota ta tashi da wurin zamana babu kowa. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace, hawaye suna zuba, na kasa tsayar da su. Sai na ji ana jan zanena. Na sunkuya, ta sa ɗan hannunta ta shafa fuskata ta ce, "Wa ya buge ki? Mu je in rama miki."

Na ɗauke ta a gaban duk mutanen tasha muka koma gida.

Wannan ita ce shaidata. Na gode wa Allah da ya buɗe bakina kafin lokaci ya ƙure, na gode masa domin Inna Hajo. Duk wadda take haɗiye wani ciwo a nan yau, ta kai wa Yesu shi yadda yake, ko da faɗa ne, zai ji. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.