Albarkar Inna Hansai Kafin Jirgin Badun

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya shugaban wannan taro, Malam Sanda. Ranka ya daɗe Mai Unguwar Badarawa. Allah gafarta Malam, limaminmu. Manyan akawuna da malaman asibiti da suka baro aikinsu suka zo. 'Yan'uwana masinjoji, waɗanda muke cinye takalmi tare a hanyar ofis. Maƙera da maɗinka da 'yan kasuwa. Baƙinmu na Malali da na Rafin Guza. Iyayenmu mata da ke zaune bayan zana. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Na gode wa shugaba da ya ba ni wannan fili, ko da yake ban san abin da ya gani a wurina ba. Ni ne Yusha'u masinja. Na yi elementare har aji biyu, malaminmu ya duba ya ce kaina ya cika, na yi masa godiya na fito. Tun daga ranar nake ɗaukar takardun gwamnati daga wannan ofis zuwa wancan, kuma ina tabbatar muku babu wanda ya kai ni riƙe sirrin gwamnati, domin ko na buɗe ba na ganewa. Na gode wa waɗanda suka shimfiɗa tabarmi, na gode wa waɗanda suka dama fura, na gode wa waɗanda suka zo don furar kawai, domin su ma sun cika mana wuri.

An gaya muku taron ban kwana ne. Ɗan nan nawa da muke kira Abba, don sunan mahaifina ya ci, ya sami gurbi a asibitin koyarwa na Badun, inda zai koyi aikin gano cuta ta hanyar duba tsokar jikin mutum. Jirgin ƙasan da zai ɗauke shi gobe ne. Akwati a ɗaure yake. Amma akwai abin da ba a gaya muku ba, kuma shi ne dalilin tsayuwata. Mahaifiyata, wadda duk Badarawa ke kira Inna Hansai, ba ta sa wa tafiyar albarka ba. Yaron kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka jirgi ba sai da albarkar kakarsa. Ni ma haka na ce. In ta hana, gobe a kwance akwati, ya koma kan teburinsa na ƙaramin akawu, gurbin ya tafi ga ɗan wani. Ta ce a gaban jama'a za ta ba da amsa. To ga jama'a, ga ta can bayan zana, ga ni a cikin rigar aro.

Magana ta farko, mene ne aikin nan? Zan faɗa muku yadda idona ya gani.

Bara waccan wani kumburi ya fito wa 'yata Rahmatu a wuya. Muka ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba. Aka shafa abin shafawa, aka sha abin sha, yarinya tana ramewa, kumburi yana ƙiba. Da muka kai ta asibiti, likita ya tattaɓa, ya ce abu biyu yake zato. Ko ciwon daji ne, ko kuwa tarin fuka ne ya sauka a wuya maimakon ƙirji. A hannu kama ɗaya suke yi, amma maganinsu ba ɗaya ba ne, makomarsu ma ba ɗaya ba ce. Ya ce sai an yanki ɗan tsoka kamar ƙwayar gyaɗa an duba. Na ce, "Likita, ba za ka tambayi yarinyar ba? Tana magana." Ya ce, "Tsokar ta fi ta sanin abin da ke damunta."

Aka yanka. Daga baya malamin ɗakin gwaji ya zaga da ni na ga yadda ake yi. Sai a tsoma tsokar a kwalba cikin wani ruwa mai yaji a ido, don kada ta lalace. Sai a zuba mata narkakken kaki irin na kyandir, ya daskare da ita a ciki. Sai a ɗora a kan wani ƙarfe mai aska, ana juya hannu, yana fere ta sirara, har ta fi bawon albasa. Na tuna mahaucin unguwarmu, na ce ashe akwai wanda ya fi shi iya yanka siriri. Sai a shimfiɗa a kan gilashi, a rina da ja da shuɗi kamar a marina, a sa ƙarƙashin madubin likita mai mai da ƙaramin abu babba.

Likita ya ce in leƙa. Na leƙa, na ce lalle cutar nan baƙa ce ƙirin. Ya ce in buɗe idon da ke kan madubin, in rufe ɗayan. Da na gyara, sai ga wani abu kamar atamfa mai tsada. Ya ce jikin mutum ginin ƙananan ɗakuna ne, jere da jere, kowane da ƙa'idarsa. In daji ne, sai ka ga ɗakunan sun rikice, babba da ƙarami, suna hawa kan juna, suna cin iyakar maƙwabta. In tarin fuka ne, sai ka ga sun yi da'ira sun kewaye wuri guda, kamar yara sun sa akushi a tsakiya. Na sake leƙawa. Jama'a, na ga akushi, na ga yara. Ban taɓa murnar jin sunan tarin fuka ba sai ranar. Aka sa ta a kan sabuwar allurar nan da ƙwayoyi, watanni tana sha. Rahmatu ce ta miƙa muku ruwa ɗazu, kuma kun ga wuyan.

Magana ta biyu, me ya sa Inna ta ƙi? Kada kowa ya ce tsufa ne ko duhun kai. Duhun kai a gidanmu ni na gaje shi duka, ban rage wa kowa ba.

Ranar da aka yi yankan, da muka dawo gida, Inna ba ta tambayi abin da likita ya ce ba. Cewa ta yi, "Ina naman?" Na ce yana asibiti. Ta ce, "Ni na binne cibiyarka. Ni na binne cibiyar 'ya'yanka. Gashin da aka aske muku ran suna, da farcen da aka yanke, ban taɓa bari ya kwana a shara ba. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake mayar wa. Koma ka karɓo."

Na koma. Ku dubi masinja a gaban likita yana roƙon a ba shi sauran 'yarsa. Likita bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce wanda ke cikin kaki za su ajiye, amma ɗan guntun da ya rage a kwalba ya ba ni. Inna ta yago farin ƙyalle ta naɗe shi, ta haƙa rami a gindin lemon gidanmu, ta yi bisimilla ta rufe. Sannan ta ce, "Da ka shiga ɗakin nasu, na mutum nawa ka gani?" Ni kuwa baki ba ya shawara da ni. Na ce, "Inna, kwalabe ne cike da kanta guda, tun daga ƙasa har sama." Ta kakkaɓe ƙasar da ke hannunta. Can ta ce, "Rahmatu tana da kaka mai baki. Su waɗancan wa zai yi musu sutura?"

Shi ya sa da Abba ya zo mata da labarin Badun, ta dube shi ta ce, "Maigida, da na aure ka ban san mahauci na aura ba." Ya ce, "Ai ke kika ce kina son miji mai kawo nama." Aka yi dariya, amma ita dariyarta ba ta kai ido ba. Ta ce ba za ta sa albarka jikanta ya je ya jera naman bayin Allah a kanta kamar mai tireda ba.

Magana ta uku, ita ce roƙona, kuma gare ki nake yi, Inna, jama'a shaidu ne kawai.

Na tambayi likita dalilin ajiyar. Ya ce littattafan da suka karanta a ƙasarsu, can ƙetaren teku, yawanci daga jikin mutanen can aka rubuta su. Yanzu ne ake tara na nan, daga Arewa da Kudu, ana gwada wannan da wancan, don a san cututtukan da suka fi damunmu da irin kamar da suke yi a jikinmu. Ya ce wanda aka ajiye bara shi ke taimaka a gane na bana. Wato abin da aka ajiye na Rahmatu, wata rana zai iya zama dalilin da za a ce wa wani uba ya kwantar da hankalinsa. Na tambayi Malam Liman, ga shi zaune, in na ƙara gishiri ya gyara mini. Ya ce neman magani halal ne, abin da larura ta riƙe a riƙe shi da mutunci, abin da aka gama da shi kuwa ƙasa ta fi cancanta da shi.

Inna, aikin nan za a yi shi, da Abba ko babu Abba. Kwalabe za su ci gaba da shiga jirgi daga asibitoci zuwa Badun, aska za ta ci gaba da fere. Abin da ya rage mu zaɓa shi ne hannun da zai karɓa. Ina so a cikin hannuwan nan a sami hannun da ya ga kin durƙusa a gindin lemo. Ina so a sami wanda in ya ɗauki kwalba zai san 'yar wani ce, uwar wani ce, ba lamba ba. Abba ya yi mini alkawari, duk abin da ya rage a hannunsa aka gama da shi, zai nemi izinin manyansa ya kai shi ƙasa. Ke kika rene shi. Kin fi ni sanin ko yana cika alkawari. Ni dai nawa ya ƙare, dama ba shi da yawa.

Rahmatu, mene ne wannan? Inna ce ta aiko? Ta ce in kwance a nan?

To, bisimilla.

Jama'a, farin alawayyo ne, an yayyage shi ƙanana, kowane kamar tafin hannu. Na san yadin nan. Shi ne likkafanin da ta saya wa kanta ta ajiye a ƙasan adaka tun rasuwar mahaifina, wanda ko mu ba ta bari mu taɓa.

Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Rahmatu ta ce saƙon biyu ne. Na farko na Abba: ya tafi, Allah ya yi masa albarka, waɗannan na marasa kaka ne, in sun ƙare ya aiko a ƙaro. Na biyu nawa ne: ta ce in zauna haka nan, na cika surutu, kuma in san cewa sabon likkafani yana wuyana. Na karɓa, Inna. Allah ya sa ya daɗe a adaka har asu ya gaji da shi.

Abba, tashi ka je bayan zana ka durƙusa. Bar akwatin a ɗaure.

Allah ya kai shi lafiya, ya buɗe masa ido, idon da ke kan madubin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya yi wa likitocinmu jagora, ya tsare hannunsu daga kuskure. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya suturta mu duka, babbanmu da ɗan guntunmu.

Na gode.