Sojojin Roba a Bakin Gulbi

OBUM: Halo? Halo, wa ka magana?

SADATU: Salamu alaikum. Yaya Obum na? Obumneme ɗan gidan Nwachukwu?

OBUM: Shi na. Amin alaikumus salam. Wace ta?

SADATU: Sadatu ta, ƙanwar abokinka Albashir, ta Argungu.

OBUM: Saratu?

SADATU: Sadatu!

OBUM: Kai! Sadatu sarauniyar kuka? Ke ta da wagga babbar murya? Ina wuni, ina gajiya?

SADATU: Lahiya lau. Ya madam da yara? Ya kasuwa?

OBUM: Sai godiya. Kayan mashin sun yi tsada, 'yan kabu-kabun unguwarmu Nasarawa, nan Birnin Kebbi, na ta zagina kamar ni ka ƙera su. Ya mutanen Argungu? Ya ruwa? An ce gulbi ya yi ɓarna bana.

SADATU: Ya yi ƙwarai. Ni ai Gulma nike aure, can ma ya cinye muna shinkahwa.

OBUM: Ash! Allah shi maida alheri. Nan kusa da mu ma manoman Ambursa kuka sukai. To ina ɗan iskan nan yayanki? Tun da yas sayi jirgin kamun kihi ya manta da talakawa.

SADATU: Shina nan.

OBUM: Shina nan kurum? Lahiya dai?

SADATU: Yaya Obum, ka tuna sojojinku na roba?

OBUM: Sojojin mi? Layin na yankewa.

SADATU: Na roba! Waɗanda kuka yaƙi da su bakin gulbi kuna yara.

OBUM: Wayyo Allah, Sadatu, kin tuna mani da duniya! Daga shagon babana na kasuwar Argungu sunka hito, cikin buhun bokitai anka tsince su. Korayen nawa, masu ruwan ƙasa na Albashir. Akwai mai rediyo bisa baya, akwai mai rarrahe, akwai wanda ƙahwatai tan narke ga murhun innarku muka ce mashi Gurgu. Gurgu jarumi na, wallahi, sai a jehe shi shi yi tangaɗi shi ƙi hwaɗuwa. Mu gina ganuwa da laka, mu ƙetarar da su ruwa cikin sakaina, mu tara ƙwallon aduwa, kowa jihwa guda, in ka jehwa ka jira ɗan'uwanka. Ke ko kina gehe kina kuka an hana ki taɓawa.

SADATU: Sun dawo.

OBUM: Su wa?

SADATU: Sojojin. Gwangwanin da kunka bizne su ciki, ruwa ya zabtare gaɓar. Yaya yaj ja komatai ta kamun kihi yaj ji nauyi, shina zaton giwan ruwa na, sai ga gwangwani.

OBUM: Haba! Da gaske? Ba su ruɓe ba? Ki ce mashi shi aje mani Gurgu, in nuna ma yarana abin da munka yi wasa da shi kahin waya ta lalata duniya.

SADATU: Yaya Obum, ba dariya nak kira ka mu yi ba. Tun ranar bai koma ruwa ba. Ya jera su bisa yashi, naka can, nashi nan, ya gina ganuwa. Gari na wayewa shi tahi shi zamna gabansu. Ba shi cin abinci sai an matsa mashi. Matatai ta rasa yadda za ta yi, shi na tac ce in zo.

OBUM: To ai marmarin yarinta na. Ni ma in nag gane su sai in zamna.

SADATU: Shina jihwa guda, sai shi naɗe hannu shi jira.

OBUM: Shi jira wa?

SADATU: Kai.

OBUM: Ni ina Birnin Kebbi, ina shago.

SADATU: Na sani. Amma in yaj jira, sai nashi guda shi hwaɗi.

OBUM: Iska na, bakin gulbi ai ba a rasa iska.

SADATU: Iskar da ka zaɓen masu ruwan ƙasa ta bar koraye? Da idona nig gani, Yaya Obum. Ba kowa wurin sai ni da shi. Sai ka ji ƙas, soja ya kihe, ga ƙwallon aduwa gehenai tana juyawa. Kuma babu iccen aduwa ko guda wajen.

OBUM: Aduwa kika ce?

SADATU: Awo.

OBUM: Tsaya in laluba aljihuna.

SADATU: Halo? Kana ji na?

OBUM: Ina ji. Sadatu, kwanan nan in nas sa hannu aljihu sai in ji ƙwallayen aduwa. Na yi ma yara hwaɗa, sunka rantse ba su na ba. In zubar, gobe in iske wasu.

SADATU: Innalillahi.

OBUM: Kuma hannuna na dama na wani hizga. Ina cikin miƙa ma mutum kaya sai shi wulwula shi kaɗai. Na je kemis, sunka ce jijiya ta, sunka ba ni man shahwawa. Kai, a'a. A'a! Ni mai zuwa coci na, ban yarda da wagga magana ba. Wasan yara na.

SADATU: Mu ma an kawo malam, an yi rubutu ya sha. Bai tashi ba. Ya ce wasan bai ƙare ba.

OBUM: Ai da gangan munka ƙi ƙare shi.

SADATU: Don Maliki.

OBUM: Kin tuna Maliki? Ke da kike ƙarama?

SADATU: Maraya na gidan maƙwabtanmu, mai haƙorin gaba guda. Na tuna ranar da yas sha kashi.

OBUM: Dokarmu ta. Wanda kwamandanai yah hwaɗi, ko yak kwantar da shi da hannunai don ya sallama, sai shi kwanta bisa yashi a bizne shi har wuya. Mu yi ta dariya muna yi mashi sallar gawa ta ƙarya. Rannan Maliki munka bizne. Satin bai ƙare ba gulbi yat tahi da shi, wurin da ruwa bai kai gwiwa ba. Yaron da ka ninƙaya kamar tarwaɗa!

SADATU: Daga nan kunka yi wasa guda.

OBUM: Ni da Albashir. Munka jera, munka yi jihwa biyu ukku, sai tsoro yak kama mu. Ba mai son shi ci, ba mai son a ci shi. Munka kwashe su tsaye cikin gwangwani munka bizne. Munka ce gulbi shi riƙe. Sadatu, saura nawa nashi?

SADATU: Da sahe huɗu. Yanzu ga ni gehenai bakin gulbi, saura kwamanda da Gurgu.

OBUM: Gurgu ai nawa na.

SADATU: Ya ce ka ba shi aro ranar, don nashi ba su kai naka yawa ba.

OBUM: Hakanan na. Wallahi hakanan na, na manta. To ki kwashe su mana! Ki zuba cikin zane ki watsa gulbi!

SADATU: Matatai ta yi hakanan shekaranjiya. Da sahe anka iske su jere, kowane inda yake, jiƙe sharkaf. Waɗanda sunka hwaɗi suna kwance.

OBUM: To shi bar jihwa! In bai jehwa ba ai ba ni da damar jihwa.

SADATU: Ya gwada. In yad daɗe, kai kana jihwa ko bai yi ba. Yaya Obum, ka hau mota ka zo. Argungu ba nisa.

OBUM: In zo in yi mi?

SADATU: Ka kwantar da kwamandanka da hannunka.

OBUM: Sadatu! Kin san abin da kika roƙo na?

SADATU: Kai kac ce wasan yara na.

OBUM: Na ce, amma…

SADATU: In wasan yara na, mi za ya hana ka kwantar da ɗan roba? Ka zo ka kwanta bisa yashi mu yi dariya, ka kakkaɓe riga ka koma shagonka.

OBUM: Ina da yara ƙanana, Sadatu. Autata ko yaye ba a yi ba.

SADATU: Shi ma shina da su. Ga ɗiyatai Nuriyya nan riƙe da zanena tana kallon ubanta kamar ba ta san shi ba. Ni ban san dokarku ba, kun hana ni wasa. Na dai san yayana guda na, kuma tsoro nika ji.

OBUM: Tsaya. Tsaya, hannun ya hwara. Bari in zamna bisa shi. Kai! Kai, wayyo!

SADATU: Mi ah hwashe nan?

OBUM: Madubin mashin na, hannuna yam make shi. Sadatu? Mi kika ma kuwwa?

SADATU: Gurgu! Gurgu ya hwaɗi! Ya yi tangaɗi, ya yi tangaɗi, ya kihe! La'ilaha illallahu! Yaya, bari, ba kowa na ba, Yaya, wayata ta…

ALBASHIR: Obum.

OBUM: Albashir! Kai ɗan banza, mi kaka yi ma mutane haka?

ALBASHIR: Ka kashe Gurgunka da kanka. Da muna yara ko randa ba ka iya samu da jihwa, yanzu ba ka kuskure.

OBUM: Ba ni na ba. Na rantse maka ba ni na ba.

ALBASHIR: Na sani. Ka ga sun yi kyau kuwa? Ko kalarsu ba ta koɗe ba. Mai rediyonka har yanzu da alamar haƙorinka ga kai. Da nab buɗe gwangwanin, warin shagon babanku yab buge ni, warin sabon bokiti. Sai da niy yi hawaye, wallahi.

OBUM: Muryarka ta yi ƙasa. Ka ci abinci?

ALBASHIR: Sadatu ta ce ka zo ka sallama, ko? Kar ka zo. Ba ta san komi ba.

OBUM: Saurara, Albashir, akwai abin da ka damuna. Mu duka an bizne mu. Ni an bizne ni ya hi sau goma, kai ma hakanan. Mi as sa Maliki kaɗai?

ALBASHIR: Ina ta tunaninai nan zamne. Ka manta ƙarshen dokar. Wanda anka bizne ba shi tashi sai…

OBUM: Sai uwatai ta kira shi cin tuwo! Innarku ta leƙo bisa katanga ta ƙwala maka kira, ko Mama ta taho da tsumagiya tana zagina da Igbo.

ALBASHIR: Maliki maraya na, ba shi da uwar da za ta kira shi. Anka kira mu munka watse, munka bar shi nan. Da yag gaji yat tashi da kainai.

OBUM: To shi ke nan! Shi ke nan, Albashir, an samu! Mama na gidana, nan Nasarawa, ƙahwa ta ka ciwo amma bakin na nan daram. Yanzu in rufe shago in ɗauko ta, mu hau mota. In kwantar da kwamandana, ku bizne ni har wuya, ta kira ni, in tashi. Har zagin za ta haɗa maka kyauta!

ALBASHIR: Mama na da rai? Allah sarki. Tana yin miyar nan mai yauƙi da ta hana mu sha da cokali?

OBUM: Za ka sha ta yau. Kai dai kar ka jehwa, kar ka taɓa komi. Ka kihe ƙwarya bisa kwamandanka.

ALBASHIR: Ba a ruhe kwamanda. Kai kak kahwa dokar.

OBUM: Na soke ta! Ni nak kahwa, na soke! Ina makullin nan… Bari in ɗaure hannun da roba tukuna. Albashir, yi mani magana, kar ka yi shiru. Ina ɗaurewa da haƙori. Ina… a'a. A'a, a'a, tsaya! Yesu!

ALBASHIR: Allahu akbar.

OBUM: Albashir? Robar ta tsinke. Albashir, ban same shi ba ko? Ce mani na kuskure. Mi Sadatu ka ma kuka?

ALBASHIR: Jihwa ta yi kyau, Obum. Tsakar ƙirji.

OBUM: Kar ka kwanta! Ka ji ni? Ba Sadatu waya! Sadatu, riƙe shi, kar ki bari shi kwanta!

ALBASHIR: Yashin da sanyi. Ruwa ya sha shi.

OBUM: To kwanta, kwanta amma kar ka tashi! Ga mu nan tahe. Mama za ta kira ka. Ta san ka, ka ci tuwonta, ta yi maka wanka da hannunta. Ɗanta na kai!

ALBASHIR: Maliki ma ya ci tuwon innarmu. Ta kira shi rannan, da ta ga bai shigo ba. Bai hana gulbi tahiya da shi ba.

OBUM: Sadatu ta kira ka! Matarka ta kira ka! Nuriyya!

ALBASHIR: Uwa munka ce. Inna ko damana ukku ke nan tana maƙabarta. Wa za ya kira ni, Obum?

OBUM: Albashir, saurara mani… Halo? Albashir! Halo? Halo!