Kwana Ukun Jiƙon Masara

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Afi.

Ina 'yar shekara bakwai muka baro ƙasar Gana zuwa Dutsin-Ma, inda babana ya samu aikin gini. Hausa kam nan da nan ta kama bakina. Abincinmu ne ya tona ni. Ranar da na fito waje da dokunu, tuwon masara mai tsami da muke naɗewa a ganye, yara suka toshe hanci, wai ruɓaɓɓen tuwo muke ci. Na koma na ce wa Mama daga yau ba ni ba shi, har yarenmu na daina. Ta zubar da jiƙon masararta, ta koma tuƙa tuwon dawa duk gudaji, tana share hawaye. Ni kuwa ko a jikina.

Sai ƙyanda ta kayar da ni. Koko, fura, kunu, duk abin da aka ɗura mini sai ya dawo. Malamin asibiti ya ce in ban ci ba, allura ba ta da abin yi.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Hajara, Musulma ce, ta leƙo ta dube ni ta ce, "Maman Afi, hanjin ɗiyar nan bai iso Dutsin-Ma ba tukuna. Ki ba ta na garinku."

Mama ta ce ba ta da masara ko ƙwaya, kuma sai ta kwana uku a jiƙe. Gwaggo ta yafa gyale, ta taka har garin Karofi, ta dawo da masara tiya guda a ka.

Kwana uku, jama'a! Ina kwance ina jin Baba yana tambaya ko zan kai. Rana ta biyu idona ya fara juyewa, tsoro ya kama ni. Mama ta durƙusa tana kiran Yesu da yarenmu. Ni da na rantse ba zan ƙara furta yaren ba, sai na ji bakina yana binta: Yesu, ka gafarta mini, kada in tafi ban ci na hannun uwata ba.

Da aka niƙa aka dafa, Mama ta gutsura ta sa mini a baki. Lomar farko ta zauna. Ta biyu ma ta zauna! Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Baba ya fashe da kuka.

Na raina abin da Allah ya ba ni, shi kuwa bai raina ni ba. Na gode masa. Ɗan'uwa, in kana cikin kwanakin jira, riƙe Yesu, kada ka saki. Amin.