Tabon Wuƙa a Hancin Sarki

An ce wani manomi mai suna Gotts ya tono kwabon azurfa na zamanin Sarki Ethelred a gonarsa, yana sayarwa a kasuwar Swaffham. Na je in gani. Na tarar da wani dattijo yana jujjuya kwabon.

Ya ce wa Gotts, "Jabu ne, maigida."

"Jabu? Dubi hancin sarki, yallaɓai. 'Yan Viking, maharan wancan zamani, suka caka masa wuƙa don gwada azurfar."

"Ni za ka koya wa? Shekara talatin ina harkar tsofaffin kuɗi! Ga na gaske, a Landan na saya, har da takardar shaidarsa."

Ya ajiye nasa kusa da na Gotts.

Gotts ya ce, "Ikon Allah! Naka ma a hanci suka caka?"

Na leƙa. Tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Zubi ɗaya aka yi musu, dukansu jabu ne.