Rijiyar da Shugaba ta Rufe

A benci, ƙofar ofishin shugabar hukumar ruwa, wata mai goyo ta matsa wa wata tsohuwa ta zauna.

"Mama, ke ma ƙara kika kawo? Rijiyar unguwarmu matar nan ta sa aka rufe, wai da ƙwayar cuta. Yau sai ta buɗe mana. Kullum ina tafiya neman ruwa kamar jaka!"

"Hmm. Ai tun tana aikin gwaje-gwaje haka take. Ko baƙunta ta je, sai ta zaro 'yar kwalba ta ɗebi ruwan gidan. An ba ta kujera, ba ta ajiye kwalbar ba."

"Kin san ta ne?"

"Ni na haife ta. Da rijiyata ta fara, wadda marigayi ubanta ya haƙa da hannunsa."

Mai goyo ta kama baki. "Kuma kike bin layi?"

"Ba ta san alfarma ba, Allah ya yi mata albarka. Yo ke, tun da aka rufe, yaya gudawar yaran?"

Mai goyo ta gyara zani. "Gaskiya ta tsaya."

"To tashi mu tafi, 'yar nan, kafin ta tambaye ki a gaban mutane."