Zauren Launi Bayan Malam Abdurrahim

Mai girma Hakimi, malamanmu da limamai, Rabaran da jama'ar coci da suka zo taya mu jimami, Hajiya Iya mahaifiyar marigayi, matarsa Malama Safiyatu da yara, 'yan uwana masu zane da sassaƙa, assalamu alaikum.

Sunana Idirisu, mai rubuta allunan shaguna a nan Dutse. Da ni aka share wannan ɗaki ranar da Malam Abdurrahim ya saye shi, lokacin yana tsohon sito na riɗi da ɓeraye suka gaje. Ya ce a nan masu zanen Jigawa za su riƙa nuna aikinsu, ba sai sun tafi Kano ko Abuja ba. Ya raɗa masa suna Zauren Launi.

Ya kasance ba ya tambayar mutum takardar makaranta, ba ya tambayarsa inda yake ibada. Aikin hannunsa kawai yake dubawa. Ƙoren da Inna Gaji ta Jahun ta sassaƙa, a bango ɗaya ya rataye su da zanen waɗanda suka gama jami'a, ya sa na rubuta sunanta da haruffa daidai da nasu. Da wasu suka yi gunaguni don ya ba Nehemiah, mai walda ɗan Filato, mabuɗin zaure, ko kallonsu bai yi ba.

Ya kasance yana cewa mai zane ba maroƙi ba ne, kuma mun ga ranar da aka gwada shi. Shekarar da ruwa ya ci gonakin Miga, garinsu, ya je ya zauna da manoma, ya dawo ya zana abin da ya gani: gero kwance cikin ruwa, mata da awaki a kafaɗa. Wani babban mutum, wanda ba zan kama sunansa ba, yana shirin kawo baƙi wannan zaure, sai ya aiko a sauke zanen, wai abin kunya ne. Ya ce a rataye hotonsa a wurin, shi kuma zai sake mana rufi. Rufin kuwa yoyo yake. Malam ya ba ɗan aike ruwa ya sha, sannan ya ce, "Ka gai da maigida. In yana so a sauke zanen, ya fara kwashe ruwan daga gonakin."

Baƙi ba su zo ba. Manoman Miga ne suka zo, cike da motar haya. Wani dattijo ya tsaya gaban zane ɗaya ya daɗe, ya nuna da sandarsa ya ce wannan gonarsa ce, ga tsamiyar nan. Da bokitai a ƙarƙashin rufi muka ƙare daminar, ba a sauke ko ɗaya ba.

To, mun ji abin da ake faɗa a gari, wai mai zaure ya tafi, zaure ma zai bi shi. Tun ba a yi sadakar arba'in ba wasu suka je wa Malama Safiyatu da maganar rushe ginin a jera shaguna. Ta ce musu tana takaba, kuma ko ta fita amsarta ɗaya ce: a'a.

Malama, Allah ya saka miki. Ba ke kaɗai za ki tsaya ba, muna nan. Hajiya, ɗanki bai taɓa sunkuyar da kai don abin duniya ba, mu ma da ya tara ba za mu sunkuyar ba. Ranar Asabar da hantsi za mu buɗe baje kolin Lauratu, mai zanen masunta, kamar yadda ya tsara kafin ya kwanta ciwo. Masu son auna ginin ma su zo, su bar tef ɗinsu a gida. Shiga kyauta ce.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Abdurrahim, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba mu ƙarfin riƙe shi. Amin.