Saƙon da Ya Kwana Goma Sha Ɗaya a Akwati

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Mahamadu Illa. Mai girma wakilin Prefe, shugaban gundumarmu. Ranka ya daɗe, wakilin Sarkin Kance. Malamanmu na allo da malamanmu na lakol, wato na boko. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. Shugabannin ƙungiyar matasa. Da ku samari da 'yan mata da kuka yi sammako daga Dawce, daga Kance, daga Ɗan Barto, kuka cika gidan matasan Matameye har wasu na tsaye a bakin taga. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiyar matasa da ta ga dacewar a ba ni dama in yi magana a gaban manya, alhali ni ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Iliyasu Shekara, mai shagon fotokopi da buga takardu a bakin tasha, daura da masu sayar da rake. An ce in amsa tambaya guda: shin neman aiki ta shafukan ɗaukar ma'aikata na intanet yana da amfani, ko kuwa ɓata lokaci ne? Tun farko in gaya muku, ni da wannan neman nake ciyar da gidana. Duk wanda ya zo a buga masa dosiye, wato takardun neman aiki, ko ya samu aiki ko bai samu ba, ni na samu nawa. Saboda haka ku saurare ni kuna sane da hakan, ku auna maganata da kanku.

Jama'a, babu wanda zan ba labarin shekarar nan. Ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Sojoji suka karɓi mulki, maƙwabta suka rufe iyaka, wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya aka katse ta, ƙungiyoyin agaji da dama suka tattara kayansu. Mazajen da suka saba, da zarar an ɗaure hatsi, su rataya jaka su nufi Kano ko Kaduna ci-rani, bana sun wayi gari ga rumbu bai cika ba, ga hanya a toshe. Daga nan ne ƙofar shagona ta fara cika da mutanen da ban taɓa gani ba, kowa da diplom ɗinsa, takardar shaidar karatunsa, a cikin leda. Labarin ɗaya daga cikinsu zan ba ku, kuma da izininsa zan bayar.

Cha'ibu Sallau mutumin Ɗan Barto ne, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, da mahaifi tsoho a hannunsa. Ya koyi aikin lantarki a Damagaram, ya kuma yi rani takwas a Kano yana bin wani maigida da ke kafa famfunan rijiya masu aiki da hasken rana. Gonar da ta saba ba shi dami arba'in, bana tara ta ba shi. A watan tara ya shigo shagona, ya jingine kekensa, ya ce, "Malam, an ce kai ne kake sa sunan mutum a intanet." Na ce ni ne. Na buga masa takardar tarihin aikinsa, na buɗe masa akwatin saƙo na imel, domin ta nan ne masu ɗaukar aiki suke ba da amsa. Da na miƙa masa kalmar sirrin akwatin, sai ya ce, "Riƙe a wurinka, Malam. Wayata ƙarama ce, ba ta shiga intanet, kuma ni zan ɓatar." Na rubuta a littafina, a ƙarƙashin sunayen wasu mutum sittin da suka faɗi irin wannan magana.

Cikin wata biyu muka aika dosiye goma sha huɗu. Duk ranar kasuwa sai ya taka keke tun daga Ɗan Barto, ya leƙo, ya ce, "Malam, akwai labari?" In buɗe, in duba, in ce, "Babu tukuna." Ya yi godiya, ya juya.

Wata rana ya zo janye da akuyar matarsa. Wani abokinsa ya nuna masa sanarwa a waya, wai wani kamfani a ƙasashen bakin teku yana neman masu aikin lantarki, amma sai mutum ya fara tura kuɗin gwajin likita. Na karanta sanarwar, na ga babu adireshi, babu sunan kowa, sai lambar waya kawai. Na ce, "Cha'ibu, mayar da akuyar nan gida. Mai son ya ɗauke ka aiki ba zai fara da karɓar naka ba." Ya mayar. Mutum biyu daga garinsu da suka tura, har yau lambar nan ba ta ƙara shiga ba. Tun daga ranar ya riƙa cewa, "Duk abin da ka ce, Malam, shi ke nan." Na ji daɗin wannan magana a lokacin. Daga baya ita ce ta fi komai yi mini nauyi.

A watan goma sha ɗaya muka yi kwanaki babu wuta, injin ba da wuta na shagona ya lalace, mai ya yi tsada. Da wannan zan iya fakewa, kuma da na fake da shi babu wanda zai ƙaryata ni. Amma na zo gaban iyayena ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Gaskiya ita ce na gaji. Na gaji da buɗe akwati sittin in tarar da su wayam, na gaji da kallon fuskar mutum tana sauka, har zuciyata ta yanke cewa babu mai karanta waɗannan takardu a ko'ina. Ranar kasuwar makon, akwai wuta, na'urar kwamfuta tana kunne a gabana, Cha'ibu ya leƙo ya ce, "Malam, akwai labari?" Na ce, "Babu tukuna." Ban buɗe ba.

Sai da wani mako ya zagayo na buɗe. Ga saƙo daga wata ƙungiyar manoman rani da ke Damagaram, mai kafa famfunan hasken rana a lambuna. Sun zaɓi dosiyensa, suna kiransa ganawa. Saƙon ya kwana goma sha ɗaya a akwati, ranar ganawar kuwa ta wuce da kwana huɗu.

Ya ku jama'a, ina roƙon ku ku tsaya tare da ni a wannan wuri. Ni kaɗai ne a shago. Ni kaɗai na san kalmar sirrin. Da na danna wuri ɗaya, saƙon ya ɓace, Cha'ibu ya ci gaba da gaishe ni da girmamawa har ƙarshen rayuwarmu. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya je wurin. Abin da ya tsayar da ni shi ne, na tuna ranar kasuwa za ta sake zuwa, zai sake leƙowa, kuma sai na sake ce masa babu. Na buga saƙon a takarda, na rufe shago, na hau kabu-kabu zuwa Ɗan Barto.

Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke madaurin jaka. Ashe sun shirya shi da wasu samari za su bi hanyar daji su tsallaka iyaka, duk da abin da kowa ya sani yana samun masu bin hanyar. Mahaifinsa, Malam Sallau, yana zaune a kan buzu. Na gaishe su, na miƙa takardar, na faɗi abin da ya faru ban rage ba. Cha'ibu ya karanta sau biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ranar da na zo ka ce babu, yana ciki?" Na ce, "Yana ciki." Ya ninke takardar, ya kawar da kai. Wallahi da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sai tsohon ya juyo gare ni. Ya ce, "Iliyasu, wanda ya rubuto wannan takarda, inji ne ko mutum?" Na ce, "Mutum ne, Baba." Ya ce, "To, in mutum ne, yana da wurin zama. Ku je ku same shi."

Washegari muka shiga motar Damagaram. A buron ƙungiyar muka tarar da wadda ta sa hannu a saƙon, Madam Baiwa. Na yi mata bayani, na ce laifin nawa ne. Ta ce, "An riga an ba da gurbin, ba zan iya ƙwace shi daga wanda ya zo a kan lokaci ba." Sannan ta juyo mana da na'urarta, ta nuna mana. Mutum fiye da ɗari tara suka nemi gurbi ɗaya. Ta ce mafi yawansu ba su taɓa riƙe wayar lantarki ba, masu diplom ɗin lauya da na malanta duk sun aiko. Sai da ta yi mako guda tana tsincewa kafin ta fitar da goma, cikin goman nan huɗu ba su zo ba. Ta dubi Cha'ibu ta ce, "Mun kira wayarka sau biyu, a kashe take." Ya ce, "Babu wutar caji, Madam." Ta tambaye shi abin da zai yi idan famfo ya fara jawo yashi. Ya yi mata bayani da Hausa, yana zanawa da yatsa a kan tebur. Ta saurara har ya gama, ta rubuta lambarsa, ba ta yi alkawarin komai ba. Muka shigo mota muka dawo gida.

Bayan mako uku aka kira shi, aikin wata biyu a lambunan Dawce, a matsayin mataimakin mutumin da ya samu gurbin. Ba zan ce muku ya samu abin da ya rasa ba, domin bai samu ba. Wancan aikin shekara ne, wannan na wata biyu. Amma bai bi hanyar daji ba, kuma ana ɗora tukunya a gidansa. Ya zo shagona sau ɗaya, ya ce in nuna masa yadda ake buɗe akwatin. Na nuna masa. Ya sa na yage shafin da sunansa yake, ya sauya kalmar sirrin da hannunsa. Muna gaisawa idan mun haɗu, amma bai ƙara kawo mini takarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To, ga amsata. E, akwai amfani, domin na ga da idona akwai mai zama ta karanta. Matar da ba ta san Cha'ibu ba, ba ta san ubansa ba, ba a kai mata gaisuwar kowa ba, ta fitar da sunansa daga cikin ɗari tara saboda aikin hannunsa kawai. Mu da muka girma muna jin cewa ba a samun aiki sai da wani babba a buro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma mai hankali ba ya ajiye fartanya da sana'a ya zauna yana jiran ta. Ku aika, ku tashi ku ci gaba da abin da ke gabanku.

'Ya'yana da ƙannena, ina roƙon ku, kada ku bar wa kowa kalmar sirrinku, ko da ni ne, musamman ma ni. Ina roƙon ku, kada ku nemi aikin da ba ku iya ba, domin duk dosiyen da kuka jefa don gwada sa'a yana danne na wani ɗan'uwanku da ya iya. Ni na buga irin waɗannan da yawa ina sane, kuma daga yau na daina. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi kafin a ɗauke ku, ku rufe wayar ku tashi. Idan kuma kun ga sunan mutum a ƙarƙashin saƙo, ku tuna yana da wurin zama, kuma Damagaram ba ta da nisa. Daga wannan Asabar, bayan la'asar, duk mai son koyon buɗe akwatinsa ya zo shago, mace ko namiji, ba zan karɓi komai ba.

Mai girma wakilin Prefe, ga saƙonmu ka isar. Duk ƙungiyar da za ta ɗauki ma'aikata don aiki a ƙasar Kance, a roƙe ta, bayan ta sa sanarwa a intanet, ta manna ta a bangon ma'aikatar magajin gari, a kuma karanta sunayen waɗanda aka zaɓa a rediyo. Garin da wuta ke zuwa yau ta ɗauke gobe, bai kamata abincin gida guda ya rataya a kan cajin waya ba.

Na so Cha'ibu ya zo yau ya tsaya a nan ku gan shi. Na aika masa. Ya aiko cewa famfon wani lambu ya tsaya tun jiya, albasar mutane tana bushewa, ba zai iya barin ta ya zo sauraron jawabi ba. Ya ce in gaishe ku, kuma in faɗi komai yadda ya faru.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi cikin gajiya. Allah Ya ba matasanmu abin yi na halal, Ya tsare waɗanda ke kan hanya, Ya dawo da na nesa lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Allah Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.